Darasi na Bakwai: Horon 'Yan Kwana-kwana da Masu Agajin Gaggawa a Ƙasar Funtua da Malumfashi

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so mai karatu ya iya:

1. faɗin abubuwa uku da wuta ke rayuwa da su, da yadda ake raba ta da ɗaya daga cikinsu;
2. bambance wutar da ruwa ke kashewa da wadda ruwa ke ƙara haukatawa;
3. bayyana abin da ake koya wa ɗan kwana-kwana kafin a damƙa masa mesa;
4. kiran agaji ta waya yadda za a fahimce shi, da ba wanda ya ƙone taimakon farko.

Kaka da hunturu

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, duk wanda ya bi hanyar Funtua zuwa Malumfashi ta Bakori zai ga arziki a fili. An jibge damman dawa a bakin gona, an ɗora harawa a kan bishiyoyi da rufin ɗakuna, an jingine kara a bayan gida. Buhunan masara da na waken suya sun cika sito a Dandume da Kafur da Danja, auduga kuma tana hanyar injinan gurza na Funtua. A daidai wannan lokaci ne iskar hunturu ke busar da komai ƙayau, mutane na kwana da kaskon gawayi saboda sanyi, yara kuma na cinna wa daji wuta don farautar gafiya. Wahalar damina guda tana iya zama toka tsakanin Azahar da La'asar.

Maƙwabta sun ɗanɗana. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ci wuta a watan Maris na 2016, dubban shaguna suka ƙone. Babbar kasuwar Sakkwato ta kama a Janairun 2021, ta birnin Katsina ta biyo baya ranar 22 ga Maris na 2021. A Maraɗi, cikin Nuwamban 2021, wuta ta cinye azuzuwan zana, ƙananan yara aƙalla 25 suka rasu. A Ƙauran Namoda, ƙarshen layin dogon da ya ratsa Funtua, almajirai 17 ne suka rasu a gobarar makarantar allo cikin Fabrairun 2025, kuma rahotannin farko sun ambaci tarin kara da aka jibge a wurin.

AKWATIN MA'ANA
Gobara: wutar da ta ƙwace daga hannun mutane, tana cin abin da ba a nufe ta da ci ba.
Ɗan kwana-kwana: ma'aikacin da aka horar don kashe gobara da ceton rayuka.
Mai agajin gaggawa: duk wanda ya sami horon taimaka wa wanda haɗari ya rutsa da shi kafin a kai shi asibiti.

Abin da wuta ke rayuwa da shi

Darasin farko da ake koya wa sabon ɗan kwana-kwana shi ne wuta ba ta ci sai abubuwa uku sun haɗu: zafi, da makamashi, da iska. Tamkar duwatsun murhu ne, aka janye ɗaya tukunya ta kife. Duk dabarun kashe gobara na duniya, daga bokitin yashi har zuwa motar da ta fi kowace tsada, ɗaya daga cikin ukun nan suke janyewa.

Mai zuba ruwa zafi yake ragewa. Mai rufe wuta da yashi, ko jiƙaƙƙen buhu, ko murfin tukunya, iska yake hana ta. Mai janye buhuna da dammai daga gefen da wuta ta nufa, ko mai kashe kan tukunyar gas, makamashi yake ɗauke mata. Wannan na ukun shi ne jama'a suka fi mantawa da shi, alhali a ƙauye shi ya fi sauƙi. Manomin da ya share fili mai faɗi kewaye da tarin amfaninsa tun ranar da ya tara shi ya riga ya yi rabin aikin 'yan kwana-kwana.

AKWATIN MA'ANA
Makamashi: duk abin da wuta za ta iya ci, kamar kara, auduga, katako, katifa, fetur ko gas.
Shingen wuta: fili da aka share tas, babu ciyawa babu kara, don wuta ta rasa abin bi.

Ba kowace wuta ake zuba wa ruwa ba

Masana sun kasa gobara gida-gida bisa abin da ke ci. Wutar itace, kara, tufafi, takarda da hatsi ruwa ne maganinta. Wutar fetur, kananzir da dizal kuwa, man yakan hau kan ruwa ya bi shi duk inda ya gangara, don haka yashi ko kumfa ko hoda ake sa mata. Wutar gas ba ta mutuwa da gaske sai an rufe inda gas ɗin ke fita. Wutar lantarki ba a kusantarta da ruwa sai an kashe mita ko an zare fis, domin ruwa na ɗauko lantarkin ya kawo shi jikin mai zubawa.

Tukunyar kashe gobara ma iri-iri ce, kuma alamar launi a jikinta ke nuna abin da ke ciki: ja ruwa, ruwan madara kumfa, shuɗi hoda, baƙi iskar kabon. Ana zare fil, a saita bakinta a gindin wutar ba a harshenta ba, a matsa hannu, a riƙa kaɗawa hagu da dama. Ƙaramar tukunya ba ta kai rabin minti ba take ƙarewa. Wanda bai taɓa gwada ta ba yakan ƙarar da ita yana fesa wa hayaƙi.

Misali na farko. Wata mai suyar awara a bakin tasha ta juya tana ba da canji, man gyaɗa ya yi zafi fiye da kima, kasko ya kama da wuta. Ɗiyarta ta suri bokitin ruwa. Da ta zuba, ruwan zai nutse ƙasan man, ya koma tururi nan take, kuma ruwa idan ya zama tururi yana kumbura kusan sau 1,700. Wannan kumburi ne zai watso man mai ci a fuskokinsu da rumfar da ke kansu. Uwar ta ce, "Ke, ajiye ruwan nan! Miƙo mini faifan ƙarfe." Ta rufe kaskon, ta janye itacen da ke ƙasa, ta bar shi a rufe har ya huce. Ta hana wutar iska, ta kuma rage mata zafi.

Lissafin da ya kamata kowa ya sani

Motar kwana-kwana a manyan garuruwa take zama, gonaki da rumbuna kuwa suna warwatse a ƙauyuka. Ga abin da wannan ke nufi a lissafi.

Misali na biyu. A ce sito ya kama da wuta a wani ƙauye mai nisan kilomita 30 daga Funtua. An yi minti 5 kafin a ankara a buga waya. Ma'aikata sun shirya sun fito cikin minti 3. Motar, da nauyin ruwanta, tana tafiyar kilomita 60 a awa, wato minti 30 a hanya. Jimla minti 38 ke nan, idan hanya lafiya lau take. A ce kuma tankinta na ɗaukar lita 5,000, mesa na fitar da lita 500 a minti. Ruwan zai ƙare cikin minti 10. Don a sake cika tankin da jarka mai lita 25, sai an kawo jarka 200, wato kurar 'yan ga-ruwa 20 idan kowace na ɗauke da jarka 10.

Abu biyu ke fitowa daga wannan lissafi. Na farko, mintocin farko, waɗanda a cikinsu ne ake iya cin ƙarfin wuta, suna hannun maigadi da 'yan dako da matan gida da duk wanda ke kusa. Na biyu, ɗabi'ar nan ta jifan 'yan kwana-kwana don sun makara ko don ruwansu ya ƙare zalunci ce, kuma tana ƙara wa mai gobara asara. Tambayar da ta dace a yi tun kafin ranar ita ce: ina motar za ta sha ruwa? Madatsun Mairuwa da Gwaigwaye suna kusa da Funtua, amma kasuwar da ba ta da rijiyar burtsatse da babban tankin ajiya, ko wadda aka cike hanyoyinta da tebura da rumfuna, ta ɗaure wa masu taimakonta hannu. Wannan nauyi ne a kan ƙaramar hukuma da Sarkin Kasuwa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa.

Yadda ake horar da ɗan kwana-kwana

Aikin kashe gobara na hukuma a Najeriya ya fara ne a Legas a 1901 a matsayin wani sashe na 'yan sanda. A 1963 aka yi dokar da ta kafa Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya, wadda yanzu take ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, kuma tana da makarantar horaswa a Sheda, yankin Kwali na Abuja. Jihohi, har da Katsina, suna da nasu hukumomin. A wurin haɗari sukan haɗu da jami'an kiyaye haɗurra na FRSC, wadda aka kafa a 1988, da hukumar agajin gaggawa ta ƙasa NEMA, wadda aka kafa a 1999, da takwararta ta jiha, da Red Cross, da 'yan agajin ƙungiyoyin addini da ake gani da kakinsu a wuraren wa'azi da filin Idi.

Sabon ɗauka yakan yi watanni yana fareti da motsa jiki, yana koyon warware mesa da haɗa ta cikin sauri, da kafa tsani, da ƙulle-ƙullen igiya, da sarrafa injin tura ruwa. Riƙe mesa kansa aiki ne. Da an buɗe ruwa takan tura mai riƙonta baya da ƙarfi, shi ya sa za a ga mutum biyu a kanta, na gaba ya kafa ƙafa ɗaya a gaba ya matse ta a hammata, na baya ya dafa shi da kafaɗa. Idan ta suɓuce sai ta riƙa bulala a ƙasa, bakinta na ƙarfe na iya karya ƙafar mutum.

Ana kuma koya masa goya tukunyar numfashi, ya rufe fuska, ya shiga ɗaki mai duhun hayaƙi yana rarrafe, hannunsa ɗaya a jikin bango don kada hanya ta ɓace masa. Iskar da ke cikin tukunyar kusan ta rabin awa ce ga mai aiki tuƙuru, saboda haka akwai wanda ke tsaye a waje yana riƙe da lissafin wa ya shiga da ƙarfe nawa. Ba a shiga mutum ɗaya. Dalilin wannan tsauri shi ne a gobarar cikin gini hayaƙi ya fi harshen wuta kisa. Katifar soso da kujerun kushin da robobi na fitar da guba, mutum ya shaƙa kaɗan ya faɗi tun wutar ba ta taɓa shi ba.

Abin da ya fi raba mai horo da mai ƙarfin hali kawai shi ne tsayawa a duba kafin a afka. Shugaban ayari na sauka zai tambaya: akwai mutum a ciki? An kashe lantarki? Me aka ajiye? Ina iska ta nufa? Tsarinsa rai ne farko, sai hana wuta yaɗuwa, sai dukiya. Shi ya sa wani lokaci za a ga sun bar shagon da ke ci suna jiƙa na kusa da shi. Mai shagon zai ga kamar an yi watsi da shi, amma nasa ya riga ya tafi, layin gaba ɗaya ake ƙoƙarin tserarwa.

AKWATIN MA'ANA
Atisaye: gwajin abin da za a yi ranar haɗari, ana maimaitawa har jiki ya saba.
Tukunyar numfashi: tukunyar matsattsiyar iska da ake goyawa don shiga hayaƙi ko rami.

Haɗurran da suka keɓanta da wannan yanki

Horon da aka tsara don dogayen benayen Abuja bai wadatar da wanda zai yi aiki a ƙasar noma ba. Auduga misali ce. Wuta kan shige cikin dila ta riƙa ci a ɓoye, a jiƙa bayanta a ɗauka ta mutu, bayan kwana ɗaya ko fiye ta sake tashi. Mai horo yakan sa a fitar da dilolin da wuta ta taɓa, a kai su fili nesa da saura, a kwance su, a jiƙa har ciki, a sa mai tsaro. Angurya da harawa da aka tara da danshi kuwa suna iya ɗumama da kansu har su kama, ba tare da kowa ya ƙyasta ashana ba.

Sai sito mai magani. 'Yan hatsi da yawa suna saka ƙwayar Phostoxin a buhuna don kashe ƙwari. Wannan ƙwaya idan ta haɗu da ruwa ko danshi tana fitar da iska mai kisa, wadda kuma kan iya kamawa da wuta. Shagon maganin feshi ma hayaƙinsa guba ne. Mai sito da ya ɓoye wa 'yan kwana-kwana abin da ke ciki ya jefa rayukansu cikin haɗari.

Akwai rijiya. Ana yawan kiran 'yan kwana-kwana don ciro mutum ko dabba daga rijiya da kududdufi. Ƙasan tsohuwar rijiya na iya rasa iskar shaƙa, kuma an sha ganin wanda ya shiga ceto ya faɗi kan wanda ya je cetowa, na uku ma ya bi su. Ƙa'ida ita ce ba a shiga sai da igiya a ɗaure a jiki, da mutane a sama masu ja, da tukunyar numfashi.

Funtua mahaɗar manyan hanyoyi ce, tankokin mai na ratsa ta dare da rana zuwa Gusau da Sakkwato da Katsina. Abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa ranar 15 ga Oktoban 2024 ya isa darasi: tanka ta faɗi, jama'a suka taru ɗibar fetur, ta fashe, sama da mutum 150 suka rasu. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa da kwalbati ya yi nisa ba a ganinsa, ƙyastin babur ko gogar bokitin ƙarfe ya ishe shi. Aikin mai agaji a irin wannan wuri shi ne korar mutane nesa, ta ɓangaren da iska ke fitowa, da tsayar da ababen hawa. Tsada da talauci gaskiya ne, amma babu jarkar da ta kai wannan farashi, kuma malamai da masu unguwanni ne suka fi cancanta su riƙa faɗin haka tun tanka ba ta faɗi ba.

Horon jama'a

Ba kowa ne zai je Sheda ba, kuma ba a buƙatar haka. Horon yini ɗaya ko biyu, idan ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta direbobi ko hakimi ya gayyato jami'an kashe gobara, ya isa ya koya wa masu gadi da 'yan sintiri da 'yan agaji riƙe tukunyar kashe gobara, da jera mutane layi ana miƙa bokiti, da sanin inda makashin lantarki yake. Mata su ne suka fi kusa da murhu da gas, saboda haka horon da aka yi ba su ya bar gida a buɗe. Makarantun Islamiyya na matan aure wuri ne da ya dace da shi. A can za a ji cewa idan an ji warin gas ba a kunna fitila ko kashe ta, sai a rufe kan tukunya a buɗe tagogi. Cewa gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki na fitar da iska marar wari mai kashe mai barci. Cewa idan an ɗauke wuta a tabbata an zare hita da dutsen guga.

Makarantun kwana da na allo suna buƙatar atisaye ko da sau ɗaya a zango: ƙofa biyu ga kowane ɗakin kwana, ba a kulle yara ta waje, ba a jibge kara a jikin ɗaki, kowa ya san bishiyar da za a taru a ƙarƙashinta a ƙirga kai.

Misali na uku. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ta haɗarin hanya kuma 122, amma ya kamata a rubuta lambar ofishin kwana-kwana mafi kusa a bangon masallaci da ofishin kasuwa. Ga yadda wani maigadi mai horo ya yi kira:

"Salamu alaikum, Yallaɓai. Gobara ce a layin 'yan hatsi, bayan babban masallacin Juma'a. Sito biyu ke ci, masara ce a ciki, kuma akwai ƙwayar magani a buhunan. Babu kowa a ciki, mun kashe lantarki. Ku shigo ta ƙofar gabas, ta yamma motoci sun tare. Zan sa yaro a bakin titi da tocila."

"To Baba, mun ji. Kada a zuba ruwa a buhunan maganin, a janye mutane daga hayaƙin. Bar wayarka a kunne."

Cikin numfashi kaɗan ya faɗi wuri, da abin da ke ci, da batun rai, da hanya.

Taimakon farko ga wanda ya ƙone

Wanda tufafinsa suka kama kada ya gudu, gudu na hura wutar. Ya kwanta ya yi birgima, ko a lulluɓe shi da bargo. Daga nan a riƙa kwarara ruwa mai tsabta, mai sanyi amma ba ƙanƙara ba, a kan ƙunar har minti 20. A cire zobe da awarwaro da agogo kafin wurin ya kumbura. Ba a ɓamɓare rigar da ta manne, ba a fasa ƙurajen ruwan da suka taso. Man goge baki, manja, ɗanyen ƙwai da toka duk suna riƙe zafi ko su sa wa ciwon ƙwayoyin cuta, kuma sai ma'aikacin asibiti ya kankare su kafin ya fara magani, mai ciwo na ihu. A rufe wurin da tsabtataccen ƙyalle. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta fuska, ko hannu, ko al'aura, ko ta ƙaramin yaro, sai babban asibiti, na Funtua ko na Malumfashi ko duk wanda ya fi kusa. Haka ma wanda ya shaƙi hayaƙi muryarsa ta dishe, ko da babu ƙuna a jikinsa.

Tambayoyin bita

1. Waɗanne abubuwa uku ne wuta ke buƙata? Kawo hanyar janye kowane ɗaya da kayan da ke gidanku.
2. Me ya sa ba a zuba wa man suya mai ci ruwa?
3. Tankin mota na da lita 8,000, mesa na fitar da lita 400 a minti. Minti nawa ruwan zai yi? Jarka nawa mai lita 25 za ta sake cika shi?
4. Me ya sa 'yan kwana-kwana kan jiƙa shagon da bai kama ba?
5. Bayyana yadda ake yi da dilar auduga da wuta ta taɓa.
6. Akuya ta faɗa tsohuwar rijiya, wani saurayi ya ce zai shiga. Me za a faɗa masa?
7. Tanka ta faɗi a bakin garinku, mai na zuba. Jera abubuwa uku da mai agaji zai fara yi.
8. Rubuta kiran waya na jimla biyar game da gobara a unguwarku, ka karanta wa abokin karatunka ya faɗa maka ko zai iya gane wurin.
9. Aikin gida: ku zagaya kasuwarku ko makarantar 'ya'yanku ku biyu, ku rubuta inda ruwa yake, da inda makashin lantarki yake, da hanyar da motar kwana-kwana za ta iya shiga, ku kawo aji mako mai zuwa.